Ana Neman 'Yan Kanada a Mushairib

Kafin mu zo Doha karatu, Zuwera ba ta taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin firji ba. Ɗakinmu ɗaya a jami'a. Ranar da ta dawo ta ce min ta shiga ƙungiyar mata ta hokin ƙanƙara, wai har an ba ta gola, na yi dariya har da riƙe ciki. 'Yar Gusau a kan ƙanƙara, da takalmi mai kaifin wuƙa a ƙasa.

Da korona ta zo aka kulle mu, a kaina abin ya ƙare. Sai ta ɗaura kayan nan nata masu kama da katifu, ta tsaya a ƙofar banɗaki, ta ce in riƙa jifan ta da duk abin da hannuna ya kai. Murfin kwalba, lemon tsami, sabulu. Wata biyar muna haka. Ta ishe ni matuƙa, amma daga wata na uku ko murfi ɗaya bai ƙara wuce ta ba.

Da ta gama karatu ta tura bidiyon wasanta ga wata ƙungiyar ƙwararru a Suwidin. Amsa ta zo ana tsakiyar Kofin Duniya. Sun ce hannunta da sauri, amma masu buga mata faifan, wato ɗan robar da ke zaman ƙwallo a hoki, ba su da ƙarfi, ba za a auna gola da irin wannan lallashin ba. Kwana goma suka ba ta ta turo wani. Takardar zamanta kuma ƙarshen Disamba za ta ƙare, daga nan sai gida, inda babu filin ƙanƙara. 'Yan ƙungiyarta malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya, mutanen kirki, amma bugunsu bai fi jifana ba. Ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Ni na samo mafita, kuma ina so a rubuta wannan. Ina tashar jirgin ƙasa ta Mushairib na ga tulin mutane da jajayen riguna, fuska a murtuke. 'Yan Kanada ne, jiya an zura musu huɗu an kore su daga gasar. Zuwera ta sha cika min kunne cewa a ƙasarsu yaro da sandar hoki yake koyon tafiya. Na kira ta na ce ta zo da kwali da alƙalami.

Muka rubuta da Turanci: kun sha kashi a ƙwallo, ku zo ku huce a kan golarmu. Na ɗaga kwalin ina jin kunya kamar in nutse. Wani mai gemu ya karanta, ya fashe da dariya, ya ƙwala wa 'yan uwansa kira. Kafin la'asar mun sami mutum goma sha ɗaya.

Baba Bawah, mutumin Kumasi mai tuƙa motar goge ƙanƙara, shi ya roƙar mana manajan filin da su Zuwera ke wasa awa ɗaya da safe kafin a buɗe. Suka zo kuwa, rana ta gasa musu hanci, suka sa takalman haya. Ni ce mai riƙe waya. Mazan suka fara, faifan yana tafiya da ƙarar da ban taɓa ji ba, Zuwera tana tarewa, ni ina tsalle. Sai wata mata mai furfura, wadda ta ce ta yi wasa a jami'a shekara talatin da suka wuce, ta karɓi sanda. Sau uku a jere ta zura wa Zuwera ta saman kafaɗar hagu. Raina ya ɓaci, na sauke wayar.

Zuwera ta ɗaga hular ƙarfenta, ashe dariya take.

"Khairiyya, kar ki kashe. Wannan nake nema tun da na fara."

Na huɗu ya faɗa cikin safar hannunta, kau, kamar mari. Matar ta ƙara sha biyar, ɗaya kaɗai ya shiga. Baba Bawah yana dukan jikin motarsa yana cewa, "Yalla, yarinyan nan ya kama!" Ni kuwa guɗa na saki, 'yan Kanada suka juyo a tsorace.

Na so mu yanke ukun farko, ta ƙi. Haka ta tura bidiyon, har da guɗar.

Kwana huɗu bayan nan muna cikin jirgin ƙasa, ɓangaren mata, Zuwera ta miƙo min waya. Kwantiragin shekara ɗaya, ta zo a Janairu. Na sake rangaɗa guɗa. Wasu mata 'yan Maroko da tutoci suka ɗauka ba tare da sun san dalili ba, taragon ya kaure, wata tsohuwa ta rungume Zuwera tana sa mata albarka da Larabci.

Da hayaniyar ta lafa, Zuwera ta hau lissafo kayan da za ta tafi da su. Ta ce in riƙe tukunyar shinkafa da labulen, sannan in fara neman wadda za ta karɓi gadonta. Na ce to. Murna nake, wallahi, amma ban shirya rabuwa da ita ba. Na ga tasharmu ta zo, ƙofa ta buɗe ta rufe, ban ce mata mu sauka ba.