Ranar da Odell Tatum Ya Durƙusa

"Wane Odell kuma?" in ji mutumin a waya.

"Odell Tatum. Kun yi wasa tare a nan Shreveport, lokacin gasar Kanada."

"Ɗan'uwa, na buga ƙwallo a garuruwa bakwai, gwiwoyina ne kaɗai ke tuna sunayensu. Me ya same shi?"

"Zuciya ce. Likita ya ce saura makonni."

Ina jin talabijin yana magana a bayansa. "Allah ya sawwaƙe. Ka gaishe shi," ya ce, ya ajiye.

Na ja layi a kan suna na bakwai. Sunaye goma sha ɗaya Odell ya rubuta mini a bayan takardar sanarwar coci, mutanen da ke cikin fili tare da shi a ranar. Uku sun mutu, ɗaya yana kurkuku a Texas, biyu lambarsu ba ta shiga. Wannan na bakwai shi ne na farko da ya ɗauka, ga kuma abin da na samu.

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka da Odell, hanyar ajiye mota ɗaya ce ta raba gidajenmu. Ni tarihi na koyar a kwaleji har na gaji, shi ya sa yake kira na Farfesa, da irin muryar da ake kiran mutum da sunan cutarsa. Shi kuma motar 'yan makaranta ya tuƙa shekara ashirin da shida. Amma kafin nan, na wata uku da kwana tara, ɗan ƙwallo ne da ake biya albashi.

Yaran yanzu ba sa yarda in an gaya musu. A farkon shekarun casa'in mutanen Kanada, waɗanda ba su taɓa tsokanar kowa ba, suka yanke shawarar sayar mana da ƙwallon da mu muka raine ta, wadda ake runguma a gudu da ita ana karo da juna. Suka kafa ƙungiyoyi a wasu garuruwanmu. Shekara uku aka yi, suka tattara suka koma gida. Garinmu shekara biyu ya samu a ciki. Filinsu ya fi namu tsawo da faɗi, mutum goma sha biyu suke sawa maimakon sha ɗaya, kuma a tsakiyar zafin Yuli suke farawa, wanda a ƙasarsu wataƙila hikima ce. Duk wanda babbar gasarmu ta ƙi ɗauka ya ruga can. Odell yana jera kwalaye a wani kanti aka kira shi. Shekararsa ashirin da huɗu, yana da gudu kamar an kunna masa wuta.

Ga abin da ya faru. A wasanmu, in abokan gaba suka buga ƙwallo ta faɗo maka a bayan layin gidanku, sai ka cafe ka durƙusa a gwiwa ɗaya. Alƙali ya hura usur, ba wanda ya samu komai. Tun yaro yana ɗan shekara bakwai ake cusa masa wannan, har gwiwar ta riƙa yi ba da izininsa ba. A wasan Kanada kuwa, durƙuson nan maki ɗaya ne ga abokan gaba. Dole ka fito da ita a guje, ko ka mayar da ita da ƙafa.

Ranar ana kunnen doki, saura daƙiƙa biyu. Baƙin suka buga, ƙwallo ta kauce wa sandunan da ake cin maki a tsakaninsu, ta faɗo a ƙirjin Odell. Ya cafe ta tsaf. Ya durƙusa.

Ina wurin. Tikitin kyauta aka ba ni a gidan mai. Muka miƙe muna tafi, mu dubu goma sha wani abu, muna jiran ƙarin lokaci. Sai muka ga baƙin suna rungumar juna. Sai da mai sanarwa ya yi mana bayani sau biyu kafin muka gane an cinye mu. A ɗakin canza kaya ba wanda ya ce wa Odell uffan, shi ma bai ce ba. Washegari ya tarar da kayansa a cikin jaka a bakin ƙofa.

Da na ajiye wayar, na tsallaka gidan Odell da takardar a hannu. An saka masa gadon asibiti a falo, inda doguwar kujera take a da, injin iskar da ke taimaka masa numfashi yana huci a gefe. 'Yarsa Renita, wadda ta ɗauki hutu daga aikinta a Dallas, ta tare ni a baranda.

"Mista Alvin, don Allah ku bar maganar nan. Shekara ashirin da shida yana kai 'ya'yan mutane makaranta, ko kare bai taɓa bugewa ba. Dattijon coci ne. Amma abin da ke hana shi cin abinci wasan da ko masu ƙungiyar sun manta da shi."

"Ba ni na ƙirƙiro ba, Renita."

"Amma kai ke buga wayar."

Daga ciki ya ɗaga murya, iya abin da ya rage masa. "Farfesa ne? Bar shi ya shigo, kada ya tsaya yi miki lacca."

Ƙafafunsa sun kumbura har bargo ba ya rufe su da kyau. Abin da yake so bai da yawa, ya faɗa mini tun ranar da ya miƙo takardar: mutum ɗaya daga cikin sha ɗayan nan ya zo ya zauna a kujerar da ke gefen gado, shi Odell ya dube shi ya ce masa, na san abin da na yi muku, ku yafe. Shi ke nan. Ya ce ba ya so ya tafi da maganar a bakinsa.

"Wa ka samu?" ya tambaya.

Ban shirya ƙarya ba, ita ta shirya kanta. Na duba suna na takwas. "Cleon Whitlow. Ba zai iya zuwa ba, amma ya ce in gaya maka ka kwantar da hankalinka. Ya ce a ranar babu ɗayansu da ya san dokar nan. Shi ma da shi ne, durƙusawa zai yi."

Odell ya dube ni ta saman bututun da ke hancinsa.

"Cleon ne ya faɗi haka."

"Shi."

"Cleon da ya yi shekara biyar yana wasa a Kanada kafin ya dawo. Cleon da yake taku goma daga inda nake, yana ihu har muryarsa ta dushe, fito da ita, fito da ita." Ya yi tari. "Shekara nawa gwamnati tana biyanka ka faɗa wa yara abin da bai faru ba, amma ƙarya ɗaya mai kyau ta gagare ka?"

"Sai a yi haƙuri, na yi ritaya."

"Je ka nemo mini shi, Farfesa. Na gaske."

Kwana huɗu na yi. Lambar Cleon ta mutu tuni, amma sakatariyar cocinmu ta san wata a Monroe wadda ta san cocin da matarsa ke waƙa. Matar ce ta ɗauka, Mis Verna. Na yi mata bayani tun daga farko, ba ta katse ni ba.

"Ran Asabar zan iya tuƙo shi," ta ce. "Yana son tafiya a mota. Amma Mista Alvin, akwai abin da ya kamata ka sani. Cleon ya sha bugu a ka shekara goma sha uku a fili. Yanzu ni ma ba kullum yake gane ni..."

"Na gane, Mis Verna."

"Ka gaya wa mara lafiyar."

"Zan gaya masa."

Ban gaya masa ba. Na shiga na ce Cleon yana zuwa ran Asabar, na ga fuskarsa, sauran maganar ta maƙale. Ranar ya ci rabin kwanon miyar kuɓewa, Renita har ta yi mini murmushi. Na gaya wa kaina wataƙila a dace da rana mai kyau. Mutumin da ya yi digiri biyu ba ya rasa dalili.

Ran Asabar tun da hantsi Odell ya sa aka yi masa aski, aka saka masa farar rigar coci, aka ɗaga kan gadon. Renita ta soya tarwaɗa ta gasa burodin masara. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna mota ta tsaya.

Cleon Whitlow ya cika ƙofar falon. Dogo, wankakke, rigarsa a goge, da ƙaramin kati a maƙale a aljihu mai ɗauke da sunansa da lambar matarsa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Koci! Ka yi ƙiba."

"Ba koci ba ne, masoyi," in ji Mis Verna. "Ga abokinka can, Odell. Kun yi ƙwallo tare."

"Odell!" Cleon ya faɗa da murna, kamar yadda zai faɗi kowane suna aka ba shi. Ya zauna a kujerar, ya ɗora hannaye a gwiwa.

Odell ya dube shi, ya dubi katin. Ya daɗe a kan katin. Na ɗauka zai fasa, amma ya riga ya haddace maganar, ita kuma ba ta san hanyar komawa ba.

"Cleon, wasan nan na watan Satumba. Saura daƙiƙa biyu, suka buga ta kauce. Ni ne a baya. Kana ta yi mini ihu, na ji ka, wallahi na ji ka, amma gwiwar ta riga ta sauka. An gaya mana dokar a sansanin horo, ba sau ɗaya ba. Ba wanda ya ɓoye mini. Ni ne. Kuma na fita ban ce muku komai ba." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Shi ne na ce bari in faɗa maka, a gabanka."

Cleon yana gyaɗa kai cikin ladabi, idonsa yana bin fankar sama. Da ya ji an yi shiru sai ya sunkuyo, ya rage murya kamar mai tambayar sirri.

"To, mun ci?"

Injin iska ya yi huci sau uku. Renita tana tsaye a ƙofar kicin da cokali a hannu. Odell ya juyo da kai ya dube ni, kallon da har yau ban gama karɓarsa ba. Sannan ya koma kan baƙonsa.

"Mun ci, Cleon."

"Da nawa?"

"Da maki ɗaya."

Cleon ya buga cinya ya fashe da dariya. "Ɗaya! Kai, shegu, sun ji jiki! Verna, kin ji? Da ɗaya!" Ya kama ƙafar Odell mai kumburi ta saman bargo ya girgiza. Odell ya cije leɓe, bai janye ba.

Suka ci kifi. Wato Cleon ya ci, faranti biyu, yana yabon Renita yana kiranta da sunan wata. Ƙarfe huɗu Mis Verna ta ce gara su kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba, don in yamma ta yi yakan rikice. A baranda ta tsaya ta dube ni.

"Ba ka gaya masa ba."

Ta juya ta nufi mota.

Da na koma ciki Odell ya riga ya ɓalle maɓallin wuyan rigar.

"Ka sani," ya ce.

"Na sani."

"Shekara ashirin da tara ina ɗauke da ita. Ina cewa akwai mutum goma sha ɗaya a duniya da in an ambaci sunana sai sun tofar da yawu. Ashe ni kaɗai nake zuwa filin nan."

"To ai ka sauke yanzu."

"Na sauke wa wa?"

Na buɗe baki. Da a aji ne, da na samo abin faɗa.

"Akwai sauran suna uku a takardar," na ce.

"Bar su su huta. Je ka gida, Farfesa."

Lahadi da Litinin na leƙa, Renita ta ce yana barci. Ban sani ba ko barcin gaske ne. Ran Talata da safe, ina shayar da tumatir a bayan gida, na ji an kashe injin iska a gidan Odell. Sai a lokacin na gane makonni uku ina jin sa ta bango.

A takardar jana'iza Renita ta rubuta direba, dattijon coci, uba, kaka. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ta ƙara cewa ya taɓa buga ƙwallo a gasar Kanada. Mata biyu a bayana suka yi ta raɗa, suna mamakin yaushe Odell ya je Kanada.

Direbobi shida aka shirya su ɗauki akwatin, amma ɗaya bayansa ya riƙe a ranar. Ana waige-waige a bakin maƙabarta sai Cleon, wanda Mis Verna ta sake tuƙowa ba tare da an gayyace ta ba, ya ga hannun akwati babu kowa, ya je ya kama. Ba wanda ya hana shi. Suka taka ciyawa a hankali zuwa ramin, shi yana ɗan wuce sauran da sauri, akwatin yana karkata ta gefensa. Mis Verna tana biye da shi a baya, jakarta a hammata, ta riƙe gefen kwat ɗinsa da yatsu biyu.