Maganin Shamsiyya Babu Takarda

…kuma wai babu takarda, Lawali. Ka ji? Babu. Na miƙa hannu kamar yadda na saba, likita ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, "Inna, an daina." An daina mi? Ga ni tsaye gindin darbejiya, ga kantin maganin Yelwa can tsallaken titi, ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Kai ka huta, kana kwance. Ni ka bar wa ɗiya da farfaɗiya.

Subhanallahi, na faɗi sunan. Ko a zuci ban cika faɗinsa ba.

Tun tana ƙarama nake rufe abin nan. Likita ya rubuta, in naɗe takarda, in ƙulle a bakin zane, in hau mota har Kwantagora inda ba wanda ya san kakana. In saya, in juye ƙwayoyin a gwangwanin man shafawa, in dawo da ɗaurin barkono a ka. Barkono na je saye, wa zai ce a'a? Takarda tana jin magana. In ka ce ta ɓuya, ta ɓuya. In ka jefa ta a murhu, shi ke nan.

Wanga abu fa? Kwamfuta. Wai maganin Shamsiyya yana cikin waɗanda hukuma ta sa wa ido, samari na haɗiyarsa don maye, suna ƙirƙiro takardun ƙarya. To ni na haife su? Wai yanzu likita daga teburinsa zai aika, kai tsaye, kantin da aka yarda da shi. Na ce aika Kwantagora. Ya duba, ya ce wancan kemis nawa ba ya ciki. Na ce to rabi a takarda, rabi a injin. Ya yi dariya. Na ce sa sunana, ni Kulu, ni ce mai faɗuwa, wa ya damu da tsohuwa? Na ce sa naka, Lawali, matacce ba ya jin kunya… Ni da dillalan Anacha ke barin rumfata suna share gumi, yaro mai farar riga ya ce min, "Inna, nan ba a tayi."

Kuma wa ke cikin kantin? Usman. Usman ɗan Rahamatu, wadda rumfarta ke manne da tawa a kasuwar kifi. Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma yana cin tuwo a gidan uwarsa ko ba ya ci? Rahamatu kuwa ko tari ka yi da safe, kafin azahar an ji har garin Wara.

Ka tuna Dogo mai gasa tarwaɗa a bakin ruwa? Faɗuwa ɗaya, ranar kasuwa. Kumfa a baki, mutane na ja da baya, mata na janye 'ya'yansu, wai kada yawun ya taɓa su. Likita ya sha gaya min ba a ɗauka ta yawu. Ya je ya gaya wa kasuwa mana! Wa ya ƙara sayen kifin Dogo? Ni kaina — Allah na gani — ban ƙara ba. Kuma duk bandar da nake sayarwa hannun Shamsiyya ne. Ita ke fasa karfasa, ita ke jerawa, ita ke juyawa. Su ji cewa wannan hannun…

Wuta. Na bar Shamsiyya a bakin gangar banda.

Jiya gwangwanin ya ƙare. Na girgiza shi a kunne kamar mahaukaciya. Da safe na ce kada ki hura wuta sai na dawo. Ta ce to, Inna. Irin "to" ɗinka ne, na san shi. Kifi na jibge a kwando, rana na ɗagawa, za ta zauna tana kallon ya lalace? Ba za ta zauna ba. Ni na koya mata. Kuma abin ba ya sallama, idonta kawai ke tsayawa, kamar tana sauraron wani daga nesa, sai jiki ya sandare. Wancan karon gefe ta faɗi, gwiwar hannu kawai ta ƙone, na ce wa mutane mai ne ya fallatsa. In gaba ta faɗi fa? In yanzu, ina nan tsaye ina…

A'a. A'a. Tsallaka, Kulu.

In ban shiga ba, ba wanda ya sani. In juya, in nemo mai sayarwa a ɓoye a tasha… garin alli su ba ni, in ba ɗiyata? In shiga, in ce na wata ce a ƙauye, aiko ni aka yi…

Tsaya. Mi likitan ya ce da zan fita? Ina ta surutu, yana ta danna abinsa. "Na riga na tura, Inna. Ki je kawai ki karɓa."

Na riga.

Wato tun ina tayi. Tun ban gyara mayafi na fito daga wurinsa ba sunan ya tsallake titin nan. Shamsiyya Lawali, baƙi a kan fari, a gaban ɗan Rahamatu. Ni nake nan ina gadin ƙofa, ashe…

Ga Usman can ta gilashi. Ya gan ni. Bai yi murmushi ba, bai kira ni ba, ɗan ƙunshi kawai ya ɗaga sama, ya sauke hannu, ya dubi hagu da dama.

Tausayi ne wannan, Lawali, ko ya riga ya faɗa wa uwarsa?

Bari in tsallaka…