Fayil Dubu Biyu, Suna Ɗaya

Delvene ta sake danna alamar, kwamfutar kuwa ta sake zubo mata abin da ta zubo ɗazu: fayil dubu biyu da ɗari uku, dukkansu da suna ɗaya, Kumanjayi.

"Kin samo shi, Nangala?" Goggo Maisie ta tambaya, tana kiran ta da sunanta na dangi, daga bakin ƙofa, inda take zaune a kujerar roba, jakar tafiyarta a tsakanin ƙafafu.

"Yana nan ciki, Goggo."

"Ai na san yana ciki. Fito min da shi na ce."

Ƙarfe ɗaya bas zai tashi zuwa birnin Alice Springs, ga shi sha ɗaya ta wuce. Wankin ƙoda za a fara yi wa tsohuwar sau uku a mako, kuma duk garin an san waɗanda ke tafiya wankin ƙoda ba kasafai suke dawowa su zauna ba. Abu ɗaya ta roƙa: a sa mata a waya waƙar da mijinta ya rera da gita a gindin bishiyar bayan coci. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, dangi sun gama duk abin da ake yi, yanzu ba laifi ta ji muryarsa. Sunan ne dai har yau bakinta ba ya iya faɗa.

Shekara shida Delvene na riƙe da ɗakin ajiyar hotuna da muryoyi na garin, kuma tana ji da kanta a aikin. Ba ta zuba fayil a jaka cikin jaka irin na mutanen da. Manhaja gare ta mai manna wa kowane fayil alama: sunan mutum, wuri, abin da ake yi. Idan mutum ya rasu, ba a sake kiran sunansa, Kumanjayi ake cewa, har masu rai da suka yi suna ɗaya da shi. Saboda haka duk ranar da ta ji kuka ya tashi daga zangon makoki, sai ta zo ta goge sunan mamacin ta rubuta Kumanjayi, don kada wani ya shigo ya yi karo da shi a fuskar kwamfuta. Kowane karo wani ɗan akwati yakan fito ya ce akwai wannan alamar tuni, a haɗe su? Ita kuwa ta danna e, ta tafi gaisuwa. Ladabi ta yi, babu mai cewa ba ladabi ba ne. Sai yau ta gane mutum goma sha tara ta zuba a tukunya ɗaya ta juya.

Ta gwada ta kwanan wata. Duka rana ɗaya suka nuna, ranar da aka kwashe su daga tsohuwar kwamfuta. Ta duba sunayen fayilolin, lambobi ne zalla. Ta haɗa Kumanjayi da "gita", aka ba ta ɗari biyu da ɗoriya, don a garin nan namijin da bai taɓa rungumar gita ba sai dai in ba shi da hannu. Ta ƙara "coci", suka koma tamanin. Ta ƙara "bishiya", kwamfutar ta ce babu ko ɗaya.

"Goggo, wace shekara ce?"

"Shekarar da ruwa ya cinye hanya."

"Sau uku ruwa ya ci hanyar."

"To ɗaya daga ciki. Ke ba ke ce mai boko ba?"

Delvene ta toshe kunnuwanta da abin saurare, ta kawar da fuskar kwamfutar daga wajen ƙofa, don a cikin tamanin ɗin akwai waɗanda bai kamata tsohuwar ta gani ba. Na farko direban motar shara ne, yana nan da ransa, ɗazu ma ya wuce. Sunansa kawai aka binne. Na biyu wani tsoho ne da ta kasa tuna ko wane ne. Na bakwai yana buɗe baki ta fizge abin daga kunnenta: mutumin da aka binne watan jiya ne, wanda ko iyalinsa ba su koma gida daga zangon makoki ba tukuna. Ta rufe fayil ɗin. Kunya ta kama ta, da tsoro, da haushin kanta.

"Kin ga wanda bai kamata ba ko?" in ji Goggo, ba tare da ta juyo ba.

"E."

"Sha ruwa. Ba da gangan kika yi ba."

Ta sha, ta ci gaba, tana taɓa kowanne daƙiƙa biyu ta tsallake. Tun tana bambance muryoyin har suka cakuɗe mata. Wannan kamar shi, amma shi ba ya tari haka. Wancan ma kamar shi, sai ta ji an ambaci wani gari da bai taɓa zuwa ba. Mutumin da ya goya ta a kafaɗa, yau ta rasa yadda muryarsa take. Ta kai na tamanin, ƙarfe sha biyu da rabi ta gota, babu shi.

"Goggo, ko dai ba a ɗauka ba?"

"An ɗauka mana! Baturiyar nan mai jan gashi, Bronwyn, wadda kika gada, ita ta kafa na'urar ɗaukar a kan durom. Ina wurin."

"Me ya rera?"

"Wa ya sani? Ai bai kai ƙarshe ba."

"Don me?"

Tsohuwar ta ɗan kawar da kai. "Wutsiyar kangaru na bar masa a wuta, na ce ya duba min. Na dawo na tarar ta zama gawayi, shi kuwa yana can yana wa Baturiya waƙa. To me za ki yi in ke ce?"

Delvene ta saki linzamin kwamfutar ta dube ta. Bronwyn ba ta jin yaren garin ko kaɗan, kuma ita ta manna alamomin shekarun farko. Wanda ba ya jin abin da ake faɗa, muryar da ta fi ƙarfi zai rubuta. Ta goge duk abin da ke akwatin nema, ta rubuta Maisie. Fayil sittin da ɗaya. Can ƙasa akwai wani mai alama uku: Maisie, durom, jawabi.

Ta cire abin kunnen, ta ƙara sauti. Gita ta fara, murya mai kauri ta biyo ta a hankali, layi ɗaya, layi biyu. Sai wata murya ta faɗo a kai daga nesa, tana matsowa, tana ambaton wutsiya da wuta da ragon namiji. Minti huɗu tana yi. A ƙarƙashinta ana jin gitar ba ta daina ba, mutumin yana dariya ƙasa-ƙasa, yana kiran matarsa da sunanta na dangi yana cewa, "To, Nampijinpa, to. Na ji."

Goggo Maisie ta rufe bakinta da gefen mayafi. Kafaɗunta na motsi, Delvene ta kasa gane kuka ne ko dariya, wataƙila ita ma mai yin ba ta sani ba.

"Jawabi," in ji tsohuwar da aka karanta mata alamar. "Baturiya ta ce jawabi na yi."

"In yanke miki farkon kawai, inda yake waƙar?"

"Kul! Sa min duka."

Bas ya yi hon a gaban kanti. Delvene ta tura fayil ɗin a wayar, ta ɗauki jakar, suka taka a hankali cikin rana. A hanya take ta bayani, ita ma ba ta san wa take lallashi ba: za ta zauna ta saurari dubu biyun nan ɗaya bayan ɗaya idan lokacin kowa ya yi, ta raba su, ta ba kowa lamba, ko da zai ɗauke ta shekara.

Goggo ta kama ƙarfen ƙofar bas, ta ɗora ƙafa ɗaya, sannan ta juyo.

"Raba sauran in kina so. Amma ranar da aka bugo miki waya daga Alice aka ce na cika, in kin goge sunana akwatin nan ya tambaye ki a haɗe, ki ce masa e." Ta ja ɗaya ƙafar sama da ƙyar. "Ban gama da shi a kan wutsiyar nan ba."