Bandirin Inna Habiba

"Jawwal," in ji matar da ke tsaron ƙofa, ta miƙo hannu a ba ta waya.

Zahida ta ɗaga jakar kayan rawarta tana murmushi, wai ita aiki ta zo yi. Matar ko gezau. A liyafar mata a Riyadh waya ba ta shiga zaure, don za a cire mayafi, kuma ba mai son hoton 'yarsa ya fita. Zahida a unguwar Gubaira ta nan Riyadh ta girma, ta san da haka sarai. Shekara huɗu a Alƙahira tana koyon rawar ƙugu, da wata shida a Istanbul, su suka mantar da ita. Ga shi kiɗan da ta yi wata uku tana haɗawa, gangar Masar da kalangun gida, duk yana cikin wayar.

Ummu Nawaf, mai shirya bukukuwan, ta leƙo tana duba agogo. Dama ɗaya ta yi wa Zahida alkawari: in rawar ta burge matan, duk bukukuwan bana da ita za a yi.

"Mamnu'u, habibti, an hana, ko tawa tana waje," in ji ta. "Ga makaɗa can. Yalla, saura minti biyar."

Zahida ta miƙa wayar ta shiga. Makaɗan mata huɗu ne zaune a kan kafet da bandiri, babbarsu wata tsohuwa mai haƙorin Makka. Zahida ta durƙusa tana bayani da Larabci, tana ɗaura akayau a ƙafa, ƙarafan nan masu kacau-kacau na 'yan koroso. Tsohuwa ta ƙura wa ƙafar ido.

"Ke 'yar wa?" ta tambaya, da wata Hausa da ta sha Larabci.

"Inna! Kina jin Hausa?"

"Shuwayya, kaɗan-kaɗan. Habiba sunana. Kakata da ƙafa ta zo Hajji, ba ta koma ba. Irin wannan ƙarfen yana cikin akwatinta." Ta ɗumama fatar bandirin da tafin hannu. "Kada ki ƙirga mini ɗaya-biyu. Ki taka, ni zan bi ki."

Wannan fa shi ne abin da ba a koya wa Zahida ba. Malamanta duk ƙirge suke yi, takwas-takwas, kamar masu awon hatsi.

Ta fita tsakiyar zaure. Ta karkaɗa ƙugu irin na Alƙahira, bandiri ya amsa. Ta buga ƙafa, akayau ya yi kuka, sai tsohuwar nan ta juya kiɗan ya koma wani abu da Zahida ba ta taɓa ji ba, amma jikinta ya gane shi. Kafaɗa ta ɗauka, ƙugu ya karɓa. Daɗi ya kama ta har ta ji tana dariya ita kaɗai. Wata dattijuwa ta rangaɗa guɗa, 'yan mata suka tashi da takalma a hannu, zaure ya kaure.

Da ta tsaya, gumi sharkaf, Ummu Nawaf ta rungume ta.

"Masha Allah! Ranar Alhamis akwai biki. Wannan rawar nake so, sak, kada ki canja komai."

Zahida ta ce to. Sai da matar ta wuce ta lalubi kanta, ta ga ko taku ɗaya ba ta riƙe ba. Kuma ba wanda ya ɗauka a waya.

Ta koma gun tsohuwa ta durƙusa.

"Inna, me muka yi ɗazu?"

"Oho! Ni ma ban sani ba, 'yata."

"To ki koya mini yadda ake yi. Ina ne gidanki?"

"Gubaira, bayan garejin masu gyaran mota."

Zahida ta san wurin. Layi biyu ne tsakaninsu da gidan babanta.

"Gobe bayan la'asar ina tafe," in ji ta.