Wutar da Ba a Ɗauke Ba

Magana ta bazu a layin cewa aljani ya mari tela. Wai ya buɗe bayan tsohon allon kwamfutarsa, irin mai ƙaton ƙeyar nan, sai wani abu ya yi jifa da shi har bakin ƙofa. Hujjar masu faɗa ɗaya ce: ranar an ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya.

Sista, wadda ta tsufa tana wanke ciwo a asibiti, ba ta taɓa ganin shatin marin aljani ba. Abin da ya dame ta shi ne a ɗakin mijinta akwai irin wannan allon, ya dushe, kuma tsohon ya rantse da kansa zai gyara. Mutumin da likita ya hana shi ko hawa bene saboda zuciya.

Ta ɗauki mayafi ta tafi shagon tela.

"Miƙo hannun."

"Mama, ai an yi mini tofi."

"Na ga tofin. Hannun nake so."

A kan ɗan yatsansa akwai farar ƙuna, ƙarama kamar ƙwayar gero. Ta san irinta sarai.

"Wuta ce ta ja ka."

"Wace wutar? Wallahi ko keken ɗinkina ba ya motsi ranar, shi ya sa ma na samu sukunin taɓa shi."

Matarsa ta ba da shaida, maƙwabta ma haka. Sista ta koma gida, maganar ta tsaya mata a rai. Ta tarar an sake ɗauke wuta, mijin ya kifa allon a tabarma, sukundireba a hannu.

"Malam, ajiye."

"Sista sarkin bincike! Ba wuta, na zare waya tun jiya, na yi addu'a. Ta ina kuma zai ɓullo?"

"Abin da nake son gani ke nan, amma ba a jikinka ba."

Ta sa aka ɗora allon a baro har rumfar mai gyaran talabijin, Malam na biye yana mita. Ta ce a buɗe a gabanta. Mai gyara ya kwance murfin, ya ce su ja baya. Ya ɗaura waya daga sukundirebansa zuwa ƙarfen jikin allon, ya maƙale hannu ɗaya a bayansa, ya zura tsinin sukundireban ƙarƙashin wata roba da ke manne da gilashin.

Tas! Shuɗin tartsatsi ya yi tsalle. Malam ya dafe ƙirji ya nemi benci.

"Yaushe rabonsa da soket?" in ji mai gyara.

"Tun jiya," ta ce.

"Wani ma sai ya fi haka yana riƙe da ita."

A hanyar komawa matar tela ta tare su, tana tambaya ko an ga aljanin.

"Babu aljani," in ji Sista. "Allon yana ajiye wuta a cikinsa, ko an zare shi, ko an ɗauke wutar gari."