Ƙwayar da ke Cikin Hular Malam Mutawakilu

Malam Mutawakilu, mai sayar da littattafai da carbi a mahaɗar Kawukudi, bai taɓa zama a aji ba. Da tsofaffin jaridun naɗe ƙosai ya koya wa kansa Turanci, kuma tun ranar da ya iya haɗa baƙi bai sake barin kowa ya huta ba. Shi ke faɗa wa mutanen unguwar Nima abin da ya dace, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Kowace Juma'a bayan salla, maza bakwai na layinsu kan zauna a ƙofar masallaci su ci tuwon zafi da miyar ayoyo a kwano ɗaya. Na takwas ɗinsu, Seidu mai gyaran takalma, kwanonsa daban, can jikin bango. Malam ne ya yanke haka shekara shida da suka wuce. Seidu ya yi kuturta, ya sha magani shekara cur, asibiti ya ba shi takarda cewa ya warke, ba ya sa wa kowa. Malam ya karanta takardar da ƙarfi, ya ninke, ya ce, "Duk wanda ya sha maganin kutare, kuturu ne." Aka gyaɗa kai. Ya ji daɗin yadda maganar ta fito, har ya riƙa maimaita ta.

Bana sai ƙuraje masu ruwa suka feso masa a gwiwar hannu da gadon baya, da ƙaiƙayi mai hana mutum natsuwa a salla. Likitar da ya gani a asibitin Maamobi ta ɗebi jininsa, ta ce ba kuturta ba ce, kuma cutar ba ta yaɗuwa, jikinsa ne ba ya shiri da alkama. Ta hana shi burodi, ta rubuta masa wata 'yar farar ƙwaya, dafson, ɗaya kullum.

Da wani ne, da ya haɗiya ya gode wa Allah. Malam kuwa mai karatu ne. A cikin trotro, motar haya, ya warware takardar kwalin, ya bi ta da yatsa, a layin farko ya ci karo da sunan cutar Seidu. Ya sake karantawa ko Turancinsa ne ya gaza. Turancin na nan lafiya lau.

Ya dai sha, cikin kwana uku ƙaiƙayi ya kwanta. Hukuncin da ya yanke da bakinsa ne ya rasa inda zai kai shi. Idan aka sani, shi da kwanon Juma'a sai kallo. Sai ya cusa katin ƙwayoyin cikin hularsa, inda ba mai gani. Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa jama'a farillan alwala ya manta akwai shafar kai.

Ran Juma'a ya tsuguna bakin famfon masallaci, ya ɗaga hula, katin ya faɗo gaban Seidu. Seidu ya ɗauka da lanƙwasassun yatsunsa biyu, ya juya shi, ya yi murmushi.

"Malam, ashe ka san abokina? Shekara ɗaya muka yi tare."

"Na ƙuraje ne," in ji Malam. "Alkama ce. Likita ta ce..."

"To. Ni ma likita ya ce."

Seidu ya mayar masa da katin a tafin hannu, ya shige sahu. Bai faɗa wa kowa ba.

Malam bai ji kalma ɗaya ta huɗuba ba. Da aka kawo tuwo, Alhaji Zakaria, dattijon layin, ya matsa masa wuri. "Malam, bismilla, yana hucewa."

Ya wanke hannu, ya tsaya da shi yana ɗiga. Mutum shida suna jira. Zai iya zama, babu mai tona shi. Sai ya cire hular, ya ɗaga katin kowa ya gani.

"Wannan maganin kutare ne, ni nake sha. Ku kun san abin da wani jahili ya ce a nan."

Ya nufi bango, ya tsuguna gaban ƙaramin kwanon. Seidu ya sa hannu ya kare tuwonsa.

"Tsaya, Malam. Ina takardar asibitinka?"

Alhaji Zakaria ya yi dariya har ya ƙware. Da tarin ya sake shi, ya ɗauko babban kwanon da kansa, ya kawo jikin bango.