Gaisuwar da Maƙeri Ya Hana

Maƙeri bai taɓa taka babban birni ba sai da autansa ya shiga soja, aka sa shi gadi a babban dandali, gaban dutsen tunawa da mazan jiya. Ya ce wa matarsa, "Tashi mu je mu ga gari, mu ga yaro."

Dandalin shimfiɗe yake da dutse mai santsi, ruwa na tsiri sama yana zuba a banza, baƙi sai ɗaukar hoto suke. Can suka hango Auta riƙe da bindiga, ƙyam kamar an kafa shi.

Maƙeri ya tsallake igiyar da aka gitta, ya tsaya yana jiran a durƙusa masa. Auta bai motsa ba.

"Auta, ba ka gan ni ba ne?"

Ko ƙifta ido bai yi ba.

Matar ta ja masa riga. "Malam, mu tambaya tukuna."

"In tambayi wa? Ɗana ne ko na gwamnati?" Ya ɗaga murya. "Kai! Kaki ne ya ɗinke maka baki? Hannun nan da ya sha ƙuna a maƙera shi ya ciyar da kai. Ga uwarka, ƙafa a kumbure saboda zaman mota!"

Mutane suka taru, wayoyi suka juyo kansa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani babban soja ya iso, ya rusuna. "Baba, mai gadin nan ba ya magana, ba ya motsi, ko ƙudan zuma ne ya sauka a hancinsa. In ya amsa maka, yau ya bar wurin nan, ga shi da ƙyar ya samu."

Sai a lokacin Maƙeri ya dubi fuskar ɗansa da kyau. Hawaye na gangarowa har haɓa, leɓe na rawa, gaisuwa na shirin fitowa. Babban sojan kuwa ya zuba wa Auta ido.

"Kul!" in ji Maƙeri. "In ka gaishe ni ban yafe ba."

Leɓen ya tsaya.

Maƙeri ya koma bayan igiya, kai a sunkuye. Magana zarar bunu ce.

"To, mu zaga mu ga garin?" in ji matar.

"Na ga abin da zan gani."

Nan ya tsaya cikin rana har aka canja masu gadi. Da Auta ya zo ya durƙusa gabansa, Maƙeri don kunya tattabarun dandali ya yi ta kallo.